Gwangwanin Iskar Lawban

Alhamis, bayan isha'i, Guangzhou

Bakina ne ya ja mini. Kwanaki na cika wa Lawban, mai ɗinka mini jakunkuna a Shiling, baki cewa ni gwanin hawan dutse ne. Dutsen Dala fa nake nufi! Yau ya nuna mini motarsa mai gado da kicin a ciki, da hoton tsaunukan da za mu hau jibi, fari fat da ƙanƙara.

Ya miƙo mini gwangwanin iskar shaƙa, irin wanda masu hawan tsauni ke amfani da shi in numfashi ya yi wuya, yana murmushi. "Kai ba ka buƙata, amma riƙe."

Bai san ina da hawan jini ba. Ɗazu na ƙi shiga lifta, na bi matakala zuwa ɗakina a hawa na tara, don in gwada kaina. A hawa na huɗu na buɗe gwangwanin.