Faifan Sola da Na Ajiye Bakin Banda

Zuwa ga ɗiyata Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, kina kuma tsare sallarki a kan lokaci. Shekara uku ke nan ba ki taka Yelwa ba, in na kira sai gaisuwa ta minti ɗaya. A gaban mutane na mare ki, shi ya sa na rubuto a inda mutane za su karanta.

Kina ajin ƙarshe na sakandare malaminku ya ba ki aron ƙaramin faifan sola, ki haɗa fitilar da za ki kai gasar kimiyya. Ana saura kwana ɗaya hadari ya rufe rana. Ni kuma a tunanina zafi faifan yake sha, sai na jingina shi bakin bandar kifinmu don ya cika da wuri. Kafin ki dawo ya lanƙwashe, ya yi baƙi ƙirin.

Ba ki yi ihu ba. Kin durƙusa gaban matan da ke taya ni juya kifi kina cewa, "Inna, ba zafi yake so ba." Kika ce haske yana tafiya kamar igiyar ruwan Kainji, amma idan ya bugi faifan, ƙwaya-ƙwaya yake bugu kamar an watsa gero, kowace ƙwaya ta tunkuɗo ɗan abin da ke zama lantarki. Ƙwayoyin garwashi kuwa ba su da wannan ƙarfin, komai yawansu.

Na ce abu ɗaya ba ya zama biyu sai a bakin maƙaryaci. Kika ce ai har ƙwayoyin jikinmu haka suke. Matan suka yi dariya, ni kuma na ɗaga hannu.

Rabi, na yi sakandare. Na gane a take ke ce da gaskiya. Dariyar ce ta ƙona ni. Ba ki je gasar ba, ni ko na bi gari ina cewa rashin kunya ce ta hana ki.

Har gobe ina nan kan cewa ɗiya ba ta gyara wa uwa magana cikin taro. Amma ƙaryar da na yi miki ta fi wannan muni, kuma ni na koya miki hukuncin ƙarya.

Ki yafe mini. Ban iya faɗa sau biyu ba.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sa wa karatunki albarka, Ya nufe ni da jin amsarki tun ina da rai.

Innarki,
Hajara