Gatarin Munji a Cikin Akwatina

Alhamis, 2 ga Fabrairu

Mun iso Ain Draham bayan la'asar, a bas ɗin da matan unguwarmu suka ɗauka daga Kairawan. Sau biyu na yi amai, hanyar duk kwana ce. Ƙanwata Habiba sai dariya, wai an ce iskar dutse magani ce, ga shi tun ban shaƙa ba ta fara wanke min ciki.

Rufin gidajen ja ne, a karkace. Gajimare yana yawo a kan titi kamar shi ma yawon buɗe ido ya zo.

Ba wanda ya san gatarin mijina Munji yana cikin akwatina, naɗe da tsohon bargo. Shekara talatin da ɗaya, duk watan Yuni sai ya saɓa shi ya taho nan garinsu ɓare ɓawon itace, ya bar ni da yara da zafi har ƙarshen Agusta. Bai taɓa kawo ni ba. Bara ya dawo da kwana tara ya rasu. Na gama takaba, na rabar da tufafinsa, gatarin nan ne ya gagare ni. In na gan shi sai fushi ya taso min, kuma ba kyau a yi fushi da mamaci. A nan zan bar shi, ko a rami ne.

Juma'a, 3 ga Fabrairu

Dusar ƙanƙara ta sauka. Ashe ba ta da ƙara. Na ɗanɗana, ba daɗin komai.

Habiba, mai jikoki huɗu, ta jefi direba da dunƙule guda. Sauran suna ta hoto da sayen cokulan katako. Ni ina kallon mutanen garin, ina cewa ko wannan ya san shi, ko a gidan shayin can yake zama. Me ke nan ɗin da babu a gidansa?

Asabar, 4 ga Fabrairu

Na ce kaina na ciwo, suka tafi kallon madatsar ruwa. Na ɗauki bargon na fita.

Wurin mai sassaƙa na tsaya, na tambaya ko ya san wani Munji mai ɓare ɓawo. Ya ce Munji sun fi goma. Na buɗe bakin bargon. Ya kalli ƙotar, ya ajiye wuƙarsa, ya ce ai wannan na Ungozoma ne, haka suke kiran mijina saboda laushin hannunsa.

Ungozoma! Mutumin da ko kofin shayi ya ɗauka sai na riƙe numfashi. Ya fasa min ya fi dozin.

Ya nuna min wani tsoho a bakin murhu, Baba Lakhdar, wanda suka yi aiki tare tun suna samari. Tsohon ya yi min gaisuwa, ya share ido da hularsa, sannan ya ce ashe da gaske akwai ni, su sun ɗauka Munji ƙirƙiro ni ya yi don kada su yi masa mata. Ban san lokacin da na yi dariya ba. Allah ya yafe min.

Ya ce gobe zai nuna min wani abu, in zo da takalmin kirki. Na komo da gatarin.

Lahadi, 5 ga Fabrairu

Dole na faɗa wa Habiba. Ta ce, "Yaya, kwana uku ina barci da gatari a ɗaki, ina minshari?" Amma ta raka ni.

Ba nisa sosai. Itatuwan farnan ne, waɗanda ake yin toshiyar kwalba da ɓawonsu. Daga ƙasa zuwa tsayin mutum an tuɓe su, jikin ja wur cikin farar ƙanƙara, kamar masu alwala sun naɗe wando. Baba Lakhdar ya ce a ƙarƙashin ɓawon akwai wata fata, in gatari ya taɓa ta itacen ya samu tabo har abada. Ya nuna min na masu gaggawa, duk ƙuraje. Sannan ya kai ni wani gangare ya ce duk waɗannan na bara ne, na Munji. Bahago ne, tsagarsa tana karkata ɗaya gefen.

Na shafa. Sumul. Ko ƙwarzane babu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman kuskure, ban san dalili ba. Ban samu ba.

Na tambayi tsohon me ya hana shi kawo ni ko sau ɗaya. Ya kalli ƙasa.

"'Yar'uwa, ya ce ya taɓa tambayarki. Kika ce me za ki yi a dajin aladu."

Na faɗa. Shekarar farko ce, ina da cikin fari, ina jin haushin tafiyarsa. Wallahi na manta. Shi kuwa mutum ne da ba ya sara sau biyu a wuri ɗaya.

Habiba ta ja tsohon gefe tana tambayarsa inda ake samun zuma mai kyau. Na gode mata a zuciyata.

Litinin, 6 ga Fabrairu

Ban fita ba. Na shafa wa bakin gatarin man zaitun, ya fara tsatsa.

Talata, 7 ga Fabrairu

A bas nake rubutu, shi ya sa hannun ya karkace.

Na kai wa Baba Lakhdar gatarin da safe. Ya ce ɗan ƙanensa bahago ne, zai dace da shi. Na ce aro ne, ba kyauta ba, kuma in ya ji wa itace ciwo zan karɓe abina. Ya ce to ta yaya zan sani? Na ce wannan matsalata ce.

Na tambaye shi yaushe za a sake taɓa itatuwan Munji. Ya ce sai ɓawon ya cika, shekara goma sha biyu. Na lissafa, zan kai sittin da takwas. Ba wani tsufa ba ne.

Matarsa ta ce a Yuni ake fara ɓarewa, da sanyin safiya, kuma ana jin ƙarar ɓawon in ya saki. Wace irin ƙara ce? Ba ta iya kwatanta min ba. Ta ce suna da ɗaki a baya da ba mai kwana. Lambarta dai na rubuta a bangon littafin nan, don ladabi.

Sau ɗaya kawai na yi amai.