Na kwance dinamona

Yaya Ilyasu,

Na wuce Gidan Rumji kafin ka dawo daga gona. Jiya wuni na yi durƙushe gaban keken da na kife, ina murza feda da hannu don rediyonka ya samu wuta ku ji jawaban 'yan takara. Da aka zo kan ɗan takarar da nake goyon baya, ka kashe, kai da abokanka kuna dariya, wai in huta hakanan.

To, na huta. Na kwance dinamona mai ba rediyon wuta, yana aljihuna. Keken na nan a kife, har mai na sa wa sarƙar. Yau ake faɗin sakamakon zaɓe. Ka tara mutanenka ku yi ta murzawa. Wanda ya ci, za ku ji a gangunanmu.

Ɗanlami