Idon Hamuda

Zariya, 9 ga Yuni, 2025

'Yar'uwa Ikhlas,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Umma da sauran mutanen gida. Allah Ya sa ƙarshen wahalar ke nan. Ni ne Muhyiddeen, ɗalibin nan ɗan Najeriya da ke lissafin kwalayen magani a kamfaninku da yamma, idan na taso daga jami'a. Na samu lambarki a wajen Ustaza Rayan, wadda ta ce kin dawo Umdurman. Na rubuta da hannu na ɗauki hoto, don abin ya fi ƙarfin saƙon waya.

Motocin da suka kwashe mu sun ajiye mu a iyakar Masar, muka yi kwana takwas a rana kafin jirgi. Yanzu ina nan gida, kuma za ki yi dariya idan kin ji sana'ata. Horon nan da Ustaza ta ba mu a azumin da yaƙi ya ɓarke, shi nake koyarwa. Ina bin ƙananan asibitoci da ƙungiyoyin manoma ina nuna musu yadda ake tsara mafita daga bakin mai matsala: a fara saurarensa, a gano ainihin abin da ke damunsa, a zubo dabaru, a haɗa samfuri, a kai masa ya gwada. Har 'yan takardun nan masu launi da muke mannawa a bango ina saya.

Ga abin da ya sa na nemo ki. Kin tuna rukuninmu an ba mu matsalar masu ciwon suga waɗanda allurarsu ke lalacewa saboda ɗauke wuta. Kin tuna tsohon da muka je wa a Umbadda, Baba Dauda maɗinki, wanda kakansa ya taso daga Haɗeja da niyyar hajji ya tsaya a can. Kullum da safe yana takawa da sandarsa zuwa kantin Hamuda, inda kwalaben allurarsa suke cikin firij. Muka haɗa masa randa biyu, ƙarama cikin babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Ranar Alhamis muka kai masa, muka ce za mu dawo Asabar mu ga yadda ta yi. Kin san abin da ya faru ran Asabar, ranar da yaƙin ya ɓarke.

Don Allah, idan hanya ta yi kyau, ki leƙa gidansa. Ina so in san halin da yake ciki.

Ki gaishe da Umma. Wassalam.

Ɗan'uwanki,
Muhyiddeen Sa'idu


Umdurman, 27 ga Yuni

Ustaz Muhyi,

Wa alaikumus salam. Ka yi haƙuri da jinkiri, shabaka, wato intanet, sai an je kasuwa ake samu. Ka yi haƙuri da rubutuna kuma, kai ka koya mini Hausar boko a bayan kwalaye, abin da ka shuka shi za ka karanta.

Muna lafiya. Umma ta rame amma bakinta na nan. Mun yi wata ashirin da biyu a Kosti a ɗaki ɗaya da mutum tara. Gidanmu na Umbadda mun tarar babu ƙofa, babu taga, har wayoyin wuta sun zare daga bango. Yanzu muna zaune wajen ƙanwar Umma.

Makon jiya na haye gada na je ofis, don mai kamfani yana so a ga me ya rage. Ba abin da ya rage. Amma a hawa na huɗu, ɗakin da muka yi horo, takardunmu suna nan a bango. Rana ta cinye launinsu, duk sun koma fari-fari. Na ga rubutunka. Na ga zanen randar da na yi. Iska na shigowa ta inda gilashi ya fashe, takardun suna motsi gaba ɗaya kamar ana karanta su. Ya zol, bawan Allah, ban daɗe ba na sauko.

Gidan Baba Dauda ban je ba. Ba zan ce maka hanya ce ba, motoci suna zuwa har Kasuwar Libiya ta Umbadda yanzu. Amma in tambaye ka. Mutum bakwai muka yi hira da su a makon nan. Ba ka tambayi Hajja Nuha ba, ba ka tambayi direban nan ba. Me ya sa shi kaɗai?

Umma tana gaishe ka, ta ce ko ka yi aure.

Ikhlas


Zariya, 29 ga Yuni

'Yar'uwa Ikhlas,

Assalamu alaikum. Na gode wa Allah da Ya tsare ku. Ki gaya wa Umma tukuna.

Tambayarki ta hau kan miki. Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba shekara biyu.

Ranar hirar, Baba ya ce shi da Hausa zai yi magana, don ya ji bakina ya ce irin na kakansa ne. Sai na zama tafinta. Ustaza ta ce in gaya masa mun zo ne mu saurare shi, duk abin da ya faɗa za mu yi aiki da shi. Da bakina na faɗa masa haka. Can 'yarsa Wafa'a ta shiga ciki ɗauko mana tabarma. Sai ya matso, ya rage murya, ya ce: "Ɗana, ba sanyin firij nake bi ba. Idon Hamuda nake bi. Layukan nan na jikin sirinji na daina ganinsu. Shi yake ja mini maganin daidai, ni in soka. Kada ka bari yarinyar nan ta ji, za ta bar aikinta ta zauna da ni."

Ustaza ta ce, me ya faɗa? Na ce ya ce tafiyar tana gajiyar da shi.

Na daɗe ina gaya wa kaina amana na riƙe. Ƙarya ne. Wafa'a ya ce kada ta ji, bai ce Ustaza ba. Gaskiyar ita ce tun a mota, kafin mu isa gidansa, na riga na ƙwallafa raina a kan randa. Ni na kawo dabarar, kowa ya yaba, kuma saura kwana uku mu gabatar a gaban mai kamfani. Maganar Baba za ta rushe komai, mu koma farko. Na ce a raina, bari a gama da randa, Asabar sai in tayar da zancen ido.

Ranar Alhamis ina kallo Wafa'a ta kwaso kwalaben daga kantin Hamuda tana murna, tana cewa, "Baba, ka huta da yawo a rana." Shi kuma ya juyo da fuskarsa wajena.

Tun daga nan, duk ranar da na tsaya gaban mutane na rubuta "saurare" a allo, sai in ji shi. Ba mafarki ba, da rana tsaka. Watan jiya a wani asibiti a Giwa, wata ma'aikaciya tana ba ni labarin layin marasa lafiya, sai na ji "ɗana" a gefen kunnena na hagu, da wannan rage muryar, har da ƙamshin man keken ɗinki. Na tsaya da alli a hannu har aka kawo mini kujera. An yi mini addu'o'i. Na san ba aljani ba ne.

Ki je, don girman Allah. Ko me kika tarar, ki rubuto shi yadda yake.

Wassalam,
Muhyiddeen


Umdurman, 24 ga Yuli

Ustaz Muhyi,

Salam. Na karanta takardarka na ajiye waya, na yi mako biyu ban taɓa zancen ba.

Ka manta wani abu. Ka manta ni ma Bahaushiya ce. Ina zaune a bayanka da littafi a cinya. Na ji abin da ya faɗa, na ji abin da ka fassara, na sunkuyar da kai na rubuta "gajiyar tafiya". Ni ma ina son randar. Ni na zana ta.

Kuma kai ka tafi Masar. Ni ina Umbadda har ƙarshen Mayu. Tsakanin gidanmu da nasa tafiyar minti ashirin ce, kuma akwai safiyoyin da harbi ke lafawa har muna fita neman ruwa. Kullum ina cewa ai Wafa'a tana nan. Shi ya sa ban je ba da ka fara roƙona.

Jiya na je. Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa.

Na fara tarar da Hamuda, ya dawo ya buɗe rabin kantin, babu firij. Ya ce bayan mun kai randa Baba bai daina zuwa ba, sai dai yana ɓoyo kwalbar a aljihu. Har bayan an fara harbi yana lallaɓowa ta bayan gidaje. Ranar sallah Hamuda ya samu mota zai fitar da iyalinsa. Ya ce, "Ya Hajj, taho mu tafi." Baba ya ce ba zai tafi Wafa'a ta dawo ta tarar da gida babu kowa ba. Ya ce, "To wa zai ja maka magani?" Baba ya ce, "Kada ka damu. Na gaya wa yaran kamfani, ɗayansu ɗan gida ne. Sun ce za su dawo Asabar, hanya ce ta tsare su." Hamuda ya cika masa sirinji huɗu, iyakar waɗanda ke akwai, ya tafi.

Wafa'a tana shara a wani ofis a Khartum. Ranar Juma'ar nan, jajibirin yaƙin, ta kwana wajen gwaggonta a unguwar Mayo, da safe aka rufe gadoji. Sau uku tana gwada hayewa ana mayar da ita. Sai da ta yi mako biyar. Ta tarar maƙwabta sun binne shi a tsakar gida, gindin bango, don babu mai iya kai gawa maƙabarta a kwanakin. Babu wanda ya san ranar da ya cika. Wata tsohuwa, Duha, ita ta fara shiga da ta ga kwana biyu bai fito ba. Ta ce yana kwance a kan gado da kayansa masu tsabta, sandarsa a gefe.

Ka ce in rubuta yadda yake. Duha ta ce da ta taɓa yashin randar, da danshi. Unguwar ana rabon ruwa da kofi, shi yana jiƙa yashi. A ciki akwai kwalba uku, cike, da sanyinsu. Randarmu ta yi aiki, Ustaz.

Wafa'a ta karɓe ni da kyau, ta dafa mini shayi. Ta ce Baba yana yawan ambaton ɗan Zariya. Har yau tana ganin laifinta ne da ta kwana a Mayo. Ba ta gane me ya sa bai yi allurar ba alhali ga magani, tana zaton zuciya ce ta buga masa. Hamuda bai gaya mata ba, ya ce shi ma an ba shi amana. Na sha shayin na fito, ni ma ban gaya mata ba.

Ban san abin da ya kamata ba.

Ikhlas


Zariya, 26 ga Yuli

'Yar'uwa,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya gafarta masa, Ya yafe mana.

Na tambayi wani malaminmu ba tare da na ambaci suna ba. Ya ce abin da mamacin ya ji tsoro shi ne ta bar aikinta, kuma wannan ya wuce. Abin da ya rage shi ne mai rai tana ɗauke da kayan da ba nata ba. Na soke horon da zan yi a Kaduna mako mai zuwa, ban san ko zan koma ba.

Ki karanta mata takardata ta biyu, duka, kada ki gyara ko kalma ɗaya. Naki kuma ke kika san yadda za ki yi da shi. Duk abin da ta ce, ina so in ji.

Wassalam,
Muhyiddeen


Umdurman, 11 ga Agusta

Ustaz Muhyi,

Salam. Na karanta mata, na faɗa mata nawa a kai.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce in maimaita maganar Baba, na maimaita. Ta ce in sake. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da Alƙur'aninsa, ta zauna da shi a cinya. Ta ce shekara uku kullum bayan la'asar ita take buɗe masa shi a gabansa, yana bi da yatsa yana juya shafi. Ta ce, "Ashe da ka yake karantawa." Ta daɗe tana shafa bangon littafin. Ta ce, "Ya gaya wa mai kanti, ya gaya wa baƙi."

Na tambaye ta me zan rubuto maka. Ta ce ba yanzu ba.

Ana kwashe waɗanda aka binne a gidaje ana kai su maƙabarta. Layinsu ranar Alhamis ne da hantsi. Ta ce in zo in tsaya tare da mata, Hamuda zai shiga cikin masu ɗauka. Ban tambaye ta ko hakan yafiya ce ba.

Tsakaninmu da ku awa ɗaya ne. Wajen ƙarfe tara a wajenku za mu ɗaga shi. Duk inda kake, ka tsaya.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ikhlas