Hotona Kusa da Inna

Zuwa ga ƙanwata Hadiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan Inna da Baffa Sada da duk mutanen gida kuna lafiya. Yaya zafi a Daura? Ni nan Istanbul alhamdulillahi, sanyi ne kawai, tarin ma ya fara sauƙi. Kada ki gaya wa Inna.

Batun shafin hotunan da nake haɗa wa Inna na Sallah, wallahi kun gajiyar da ni. Na ce ki ciro tsohon hoton marigayi Baba daga gilashi kafin ki ɗauka, kika ɗauko shi da hasken waya a goshinsa. Kwana uku na yi a kwamfuta ina goge shi. Da na sa manhajar ta cire bangon baya, ta haɗa da hularsa ta cire.

Ita ma wannan na gyara. Sai na duba na ga shekara huɗu babu ni a hoton gida ko ɗaya. Shi ya sa na yanko kaina daga wani hoto na manna kusa da Inna, har inuwa na daidaita.

Yanzu kin ce ta ce a cire, wai kunya, ɗan fari ba ya zama gefen uwarsa mutane suna gani. Haba Hadiyya, ko a hoto?

To, na cire. Allah ya ƙara mata lafiya. Amma ki faɗa mini tsakaninki da Allah: kafin ta ce a cire, ta daɗe tana kallo?

Yayanki,
Maharazu