Kibiyar Hagu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Yaya ciwon bayan, ya sassauta? Mu nan da godiya, sai gajiya da ta zama 'yar gida.

Maganar Baba ce. Ka tuna mararrabar nan da ake yanke babban titi a karya hagu zuwa makarantar 'yata? An sauya danjar wurin, masu shiga hagu sun samu tasu fitilar mai kibiya. In kibiyar ta yi kore, an tsayar da masu tahowa ta gaba, hanya taka ce. In ta yi ja ka tsaya, ko da masu miƙewa suna wucewa. In tana ƙyaftawa ruwan ɗorawa, kana iya shiga, amma sai masu tahowa sun wuce ƙaf. Na jera masa cokula a kan tebur a matsayin motoci. Ya saurare ni kamar mai jin tatsuniya, ya ce tun ban san hagu da dama ba yake karya hagu.

Gaskiyarsa ne, kuma a nan gizo ke saƙar. Rabin rayuwarsa a kan tirela ya yi ta. Mai tirela ba ya jiran hanya, hanci yake turawa a hankali, kowa ya taka burki ya ceci ransa. Yanzu ƙaramar motar marigayiya Mama yake ja, amma hannunsa bai san an canja ba. Shi ke kai jikarsa makaranta kullum, kuma tun rasuwar Mama wannan ne kaɗai ke tayar da shi ya yi wanka ya sa hula. Ni ina shago ina miƙa wa mutane magani, hankalina yana mararraba.

Ka ce a karɓe makullin motar daga hannunsa. Daga nesa komai mai sauƙi ne, Yaya. Zo ka karɓa.

Ka gaida mutan gidan.
Ƙanwarka, Auta.

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna ƙalau. Kafin ka tayar da hankalinka, kowa lafiya lau yake. Yarinyar leɓenta kawai ta ciza.

Kibiyar tana ƙyaftawa, Baba ya tsaya, na yaba masa da wannan. Sai wata tirela da ke tahowa ta rage gudu, direban ya haska masa fitila. Ka san a tsakaninsu ma'anarta ke nan na ba ka hanya, wuce. Baba ya ɗaga masa hannu ya shiga. Bai ga motar da ke ɗaya layin ba, tirelar ta kare ta. Ta daki bayan motar Baba, daidai gefen da yarinyar ba ta zauna ba.

Da na isa na tarar yana gardama da jami'in hanya, yana cewa an ba shi hanya. Jami'in bai ɗaga murya ba. Ya ce masa, Baba, mai tirela layinsa kaɗai zai iya ba ka, ɗayan ba nasa ba ne. Baba ya juya zai kira direban shaida, ashe tuni ya yi gaba.

Ban yi masa faɗa ba, ba ni da ƙarfin yi. Mijina ya ce daga yau shi zai riƙa kai yarinyar, ban musa ba. Baba kuwa kullum yana garejin makanike, yana tsaye a kan mai gyara kamar mai jinya. Jira yake a gama ya koma titi. Na gaji da tsoro, na kuma gaji da jin kunyar tsoron nawa.

A gaida yara.
Auta.

Yayana,

Ina gaisuwa. Na ji saƙonka ta bakin matarka, na gode. Allah ya ƙara sauƙi.

Motar ta fito. Jiya Baba ya ce in raka shi ya nuna mini ya gane danjar. Na shiga gaba ina addu'a a ciki. Muka iso mararraba, mu ne a sahun farko. Kibiyar ta yi kore shar, masu tahowa duk sun tsaya. Baba bai motsa ba. Yana leƙen bayan kowace mota, ko wata za ta ɓullo. Na ce masa hanyarmu ce, ya ce ya sani. Aka cika mu da hon har kibiyar ta koma ja. Ta sake yin kore, nan ma bai motsa ba, wani daga baya yana ihun a kawar da tsoho daga hanya.

Sai ya ja burkin hannu ya fita. Ya zagayo a gaban mutanen nan duka, ya buɗe mini ƙofa. Ni na karya hagun. Na ja mu har gida. Da na miƙa masa makullin, ya ce in sa a jakata.

Abin da nake ta roƙo ke nan wata da watanni, ga shi na samu, kuma kuka na yi a banɗaki. Yau da safe ya yi wanka ya sa hula, ya zauna a falo har yarinyar ta tafi da babanta, sannan ya cire hular.

In ka kira shi, don Allah kada ka ce masa ya kyauta. Ka tambaye shi wace taya ce ta fi dacewa da motarka, ka bar shi ya yi ta bayani.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta.