Kwamitin Sanarwa da Rasuwar Baba Iliya

Yaya Bitrus,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina lafiyarka, da iyali, da sanyin Jos? Mu nan Birnin Kebbi mun gode Allah.

Ikilisiyarmu ta kafa kwamitin sanarwa, har da ni a ciki. Lahadi uku muna zama wai mu tsai da manufarmu, amma gardamar wa zai riƙe lasifika kawai ake yi. Ana cikin haka Baba Iliya, wanda ya yi maka baftisma, ya rasu a Argungu. Wasiƙar da aka aiko ta sanar da rasuwar tana aljihun shugaban kwamitinmu har aka binne Baba. A bakin mai kifi muka ji! Na ce musu manufa ɗaya ta ishe mu: mu riƙa riga mai kifi ba da labari.

Ka sa mu a addu'a. Ka gaida Inna, ka faɗa mata da bakinka, kada ta jira kwamiti.

Ƙanwarka,
Rahila